Turmin Marigayiya

Da hantsi aka kira Sufeto Midhat zuwa kulob ɗin masu ɗaga ƙarfe da ke bayan tashar jirgin Mahalla. Ɗakin atisayen a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, sai fanka ɗaya tana ta juya warin gumi.

Kaftin Shaukat, mai horarwa, ya dangwarar da gwangwani a gabansa.

"Garin amino ne, Basha," ya ce, yana kiransa da laƙabin girmama manyan jami'ai, "na gyaran tsoka bayan atisaye. Halas ne. Da hannuna nake auna wa ɗana Samih. An gwada fitsarinsa, an ce akwai maganin da aka hana. An gwada garin, ga shi a ciki. Saura kwana tara gasa, sun dakatar da shi!"

"Wa kake zargi?"

"Gabir mai shara. Shi ke da ɗayan makullin kabad ɗin da muke ajiye shi. Yaranka sun riga sun tafi da shi."

Samih na zaune a benci, ƙato ɗan shekara ashirin da bakwai, gwiwoyinsa biyu naɗe da bandeji.

"Kai fa, me ka gani?"

"Bai ga komai ba," in ji uban.

"Shi na tambaya."

"Tun yana shekara shida ni nake amsa masa."

A ofis, Midhat ya sa aka fito da Gabir daga sel. Tsohon bai jira tambaya ba.

"Basha, sau ɗaya na taɓa lasar garin nan, ɗaci kamar gaisuwar surukata. Kuma tun da aka fara azumi gwangwanin bai kwana a kulob ba. Sai an sha ruwa Samih yake sha, don haka gida suka kai shi."

Midhat ya sake duba takardar gwajin. Ƙwayar rage ruwan jiki ce, irin ta masu hawan jini, an daka ta lukui.

Bayan la'asar ya je gidan Kaftin, ya hau bene na huɗu. Kaftin ya buɗe ƙofa da makulli biyu. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga.

"Ɗan kemis ne ɓarawo," ya ce da ya ga Sufeto na kallo. "Maganin hawan jinina na wata guda, sati biyu ya ƙare."

"Ka ce mini a kulob gwangwanin yake."

"To a gidana wa zai taɓa shi? Daga ni sai shi. Ƙofar ma ni nake kullewa."

Midhat ya leƙa kicin. Ya san irin kicin ɗin nan, nasa ma haka yake tun da aka binne matarsa. Maiƙo da ƙura sun rufe komai, ban da wani ƙaramin turmin tagulla a saman kanta, wankakke tas.

"Na wane ne?"

"Na mahaifiyarsa. Shekara uku ba wanda ya taɓa shi."

Samih na tsaye a ƙofar kicin. Midhat ya miƙa masa turmin.

"Ka iya wanki. Ƙwaya nawa ka daka?"

Samih ya riƙe turmin kamar ya fi duk ƙarfen da ya taɓa ɗagawa nauyi.

"Sha biyar."

"Ƙarya yake!" Kaftin ya daka tsawa.

"Baba, likita ya ce in na sake ɗagawa, da sanda zan ƙare. Na gaya maka sau uku. Ka ƙara mini cokali ɗaya na gari."

"Shi ya sa ka bar tsoho ya zauna a sel?" in ji Midhat.

"Na so in yi magana, Basha. Ban saba ba."

Midhat ya yi waya a saki Gabir. Bai fito da ankwa ba, da ƙyar ma za ta zagaye hannun Samih.

A bakin ƙofa Kaftin ya sha gabansu.

"Ƙarfe nawa za ku dawo da shi? Yana da atisaye bayan shan ruwa."

Samih bai dubi ubansa ba. Ya juya ga Sufeto.

"Basha, sel ɗin nan, ana barin iyaye su shiga?"

"A'a."

Ya ajiye turmin a hankali, ya riga Sufeto sauka.