Miyar Ranar Haihuwa a Ulsan

"Wannan ne ɗakin?!"

Yerin ta sandare riƙe da ƙofa, gashinta na ɗigar ruwa. Ta ɗauka mai gyaran famfo ne, wanda masu otal ke ta yi mata alkawarinsa tun da kamfani ya turo ta aiki birnin Ulsan.

Ashe Madam Bang ce, mahaifiyar saurayinta Taeho. Matar da ta rantse ɗanta ba zai auri Yerin ba, tun da mai duba ya haɗa ranakun haihuwarsu ya ce ba su dace ba.

"Ina... ina kwana, Mama."

"Ba ni hanya, tukunyar nan da nauyi."

Ta dire ta a kan ɗan teburin, ta yaye labule. Bangon ginin maƙwabta ne, har kana iya taɓa shi da hannu. Kafet na warin tsohuwar taba, famfo na tari a banɗaki.

"Ina tekun? Miran ta ce kina wani otal mai kallon teku, kina sheƙe ayarki da wani manaja."

Miran! Abokiyar aikinta, 'yar ƙawar Madam Bang, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Taeho.

"Ai ita ta kama min ɗakin, Mama."

"Ita ta ƙara miki watannin aiki a nan kuma?"

"A'a... ni na roƙa."

"Kin roƙa? A wannan akurkin?"

Yerin ta sunkuyar da kai.

"Yaya Taeho ya daina cin abinci a gida saboda ni. Na ce ko in na yi nisa zai koma teburinki."

Madam Bang ta buɗe tukunya. Miyar ganyen teku ce, wadda ake dafa wa mutum ranar haihuwarsa. Rabon Yerin da ita tun rasuwar mahaifiyarta. Ita kanta sai yanzu ta tuna yau ce ranar.

Kanta ya ɗaure tamau. Kora ce wannan, ko tarba?

"Zuwa na yi in ce ki rabu da shi," in ji Madam Bang. "Tun daga Seoul nake bitar maganar a mota."



"To... ki faɗa, Mama."

"Ba a faɗa wa mutum irin wannan da yunwa. Ci!"

Yerin ta ɗauki cokali. Loma ɗaya, hawaye suka ɓalle.

"Gishiri ko?"

"A'a, ta yi daɗi..."

"Ke, rufe min baki! Gishiri ne zalla. Wancan sakaran ɗan nawa ne ya dafa, ya hana ni taɓa ludayi. Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa!"

Yerin ta ɗago da jajayen idanu.

"Yana ina?"

"Yana ƙasa cikin mota, yana cin farce. Na ce ya kawo ni ne kawai, kar ya kuskura ya hau."

Tsohuwar ta zauna a bakin gado, katifar ta lotsa da ita har ta kusa kifewa. Ta daɗe tana kallon yarinyar, wadda har yanzu ke ɗura miyar kamar ba gishiri.

"Mai duban fa, Mama?"

"Shi ne dai ya ce ni da baban Taeho mun dace kamar shinkafa da cokali. Kullum sai maƙwabta sun raba mu."

Ta zaro waya.

"Taeho! Hau ka kwashe kayan yarinyar nan... A'a, ban faɗa ba! Na manta abin da zan ce."

Yerin ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ba a jima ba ya faɗo ɗakin yana haki.

"Yerin... masoyiyata..."

"Yaya!"

"Akwati tukuna," in ji Madam Bang. "Surukata ba za ta ƙara kwana a nan ba."