Alli da Kananzir

Ranar da Taufiƙ ya fara ganin Nasiha, yana durƙushe cikin wani tsohon jirgin kaya a tashar ruwa ta Garuwa, walda ta mai da idanunsa jawur. Abinci ta kawo wa babanta. Ya ce mata sannu.

"Ai kai ke da sannu," ta ce.

Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Babanta, Malam Abdulbaƙi, shi ne mai jirgin. Mahaifinsa ya yi aiki inda ake ƙera jirage zamanin yaƙin duniya, ya kuma cika masa kunne da labarin waɗanda aka yi wa walda cikin gaggawa suka tsage a ruwa. Tun daga nan Malam ya tsani walda, sai dai masu ɗinke ƙarfe da ƙusa duk sun ƙare.

"Dole ce ta sa na ba ka jirgina," ya ce wa Taufiƙ ranar da ya zo da maganar aure. "Maganar 'yata babu dole. Ga Adoum na ofishin auduga yana jira."

Wata bakwai ana abu ɗaya. Taufiƙ ya rame, ya rubuta mata: "Hasken idona, wallahi na gaji. Baba ko gaisuwata ba ya amsawa."

Ta amsa: "Ni ma na gaji, Nawa. Ƙarasa aikinka. Ça va aller, komai zai daidaita."

Ranar gwaji aka shafa alli a bayan ɗinkin waldar, aka zuba kananzir ta ciki. In da kafa, tabo zai fito. Malam ya duba da idon tsufa, ya ce lafiya lau. Taufiƙ kuwa ya hango tabo, bai fi ƙwayar riɗi ba. Ya juya wajen Malam.

"Baba, ga yoyo nan. Sai na sake."

Nasiha ta sha kuka. "Ka ba shi hujja da bakinka. Ko dai ka fasa ne?" ta rubuta. Shi kuwa ya koma cikin jirgi.

Kwana tara ya yi yana yankewa yana sakewa. A na goma alli ya fito fari tas. Malam ya dubi Taufiƙ.

"Shekara arba'in ina gwada jirgi, ba wanda ya taɓa nuna mini tabonsa," ya ce. "Turo magabatanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Malam ya dafa kan Nasiha.

"Je ki, Mamana. Allah Ya yi muku albarka, Ya hutar da ku."