Ƙofar da Kafinta Ya Cire

"Kada ka tafi ka bar ni! Haba, ka jira ni mana — ni kaɗai ba zan iya ba!"

Yaya ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta juyo ta dubi ƙaninta. Daga ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen falo muryar take fitowa, kuma muryar matarsa ce, ba ta kowa ba.

"Auta, da wa take magana?"

"Aiki take yi, Yaya," in ji shi, bakinsa cike da burodi.

"Aiki? Yanzu wannan marairaicewar ita ce aiki?"

Auta ya yi dariya. Shi kafinta ne, mutum mai sanyin hali, wanda zai iya zama ya zura wa katako ido har gam ya bushe ba tare da ya kai hannu ba. Matarsa kuwa, wadda shekara ta zagayo da bikinsu amma sunan Amarya ya ƙi sakin ta, gwajin gem, wato wasan kwamfuta, take yi. Ƙananan masu ƙirƙira, irin waɗanda ba su wuce mutum biyu ko uku a ɗaki guda ba, su ne suke aiko mata da ɗan guntun wasan da bai fito ba tukuna, wanda suke kira demo. Aikin yana da doka biyu. Ta farko, duk abin da ya zo mata a rai tana cikin wasa sai ta faɗe shi da ƙarfi, laftof yana naɗar muryarta, don masu wasan su san inda ta ruɗe da inda ta tsorata. Ta biyu, ba wanda zai ga fuskar laftof ɗin sai ranar da masu shi suka buɗe wa kowa. Saboda wannan dokar ne Auta da kansa ya ƙera wa ɗakin ƙofa, ya sa mata sakata ta ciki, har yana alfahari da cewa ko iska ba ta ratsa ta.

Duk ya yi wa Yaya wannan bayanin. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta taɓe baki.

"Wato kai ka sa mata sakatar da hannunka. Sannu da ƙoƙari!"

Ba za a ce Yaya muguwa ce ba. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma aurenta a kan waya ya mutu, ranar da ta ɗauki ta mijinta ta ga abin da ta gani. Tun daga nan duk abin da yake da sikirin maƙiyinta ne. Ta zo ne ta ɗan kwana biyu kafin a gama gyaran rufin gidanta, amma kwana biyun Yaya ba a san ranar ƙarewarsa ba.

Da Amarya ta fito, hedifon rataye a wuyanta, idonta ya yi ja, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Sori, Yaya, na cika muku kunne ko? Wannan lebul ɗin na wasan ne ya ƙi ni."

"Shi wane ne?"

"Wa?"

"Wanda kike roƙo kada ya tafi."

Amarya ta dubi mijinta tana murmushi, tana jiran ya yi dariya su yi tare. Ya yi, amma ba ta kai ciki ba. Shi kansa ya ji haka.

Daga ranar Yaya ta kama aikinta. Ba ta zagi, ba ta faɗa. Tambaya kawai take jefawa ta wuce. Me ya sa in an ƙwanƙwasa sai an ji ƙarar rufe laftof kafin a zare sakata? Me ya sa take fitowa da hawaye? Wane ne wannan namijin da take magana da shi duk ƙarshen mako, har tana ƙyalƙyala dariya?

"Mai gem ɗin ne, Yaya. Rahoto take ba shi."

"Ka taɓa ganin sa?"

"A'a."

"Ita fa?"

Auta bai san amsar ba, kuma rashin sanin nan ya bi shi har shago. Yana fiƙe katako yana jin muryarta a kunnensa: ka jira ni mana. Yaushe rabon da ta yi masa magana da irin wannan muryar? Ya auna ƙafar tebur sau biyu, ya yanke ta ba daidai ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo. Kunya ta kama shi da ya gane zargin matarsa yake yi, amma kunyar ba ta kori zargin ba.

Wata ranar da yamma ya tare ta a kicin.

"Amarya, ina so in ga abin nan da kike yi. Sau ɗaya kawai."

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Maigida, ka san na yi alkawari."

"Ni ne fa mijinki! Wa zan faɗa wa?"

"Ba wanda za ka faɗa wa, na sani. Amma ban ce musu ban da mijina ba, cewa na yi ba kowa. Filis, ka jira ni. Akwai ranar da za su buɗe shi a baje kolin ƙananan masu gem, ba nisa. Ni da kaina zan kai ka, in zaunar da kai a gabansa."

"In ba abin ɓoyewa, me ya sa sai na jira?"

"Saboda na roƙe ka," ta ce. "Ashe wannan bai isa ba?"

Ya juya ya fita. A falo Yaya tana ninke kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba, amma a fuskarta an ga ta ji komai.

Da wani namijin ne, da sai ya yi ihu, ko ya fizge laftof. Auta kafinta ne, don haka abin da hannunsa ya sani shi ya yi. Washegari Amarya ta dawo daga kasuwa ta tarar da ɗakin aikinta a wangale. An kwance ƙofar daga hinjinta, an jingine ta a bayan kujera, kusoshin a cikin wani ɗan gwangwani.

"Tana gogar ƙasa," in ji shi, yana kallon wani wajen. "Sai na fiƙe ta."

Amarya ta dubi ƙasar, inda ko ƙwarzane babu. Ta dubi ƙofar da ya kwana biyu yana shafa wa mai lokacin suna sabon aure. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Shi ke nan, Maigida. In ka gama fiƙewa ka gaya mini."

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara ba. Ta aika wa mai gem ɗin saƙo cewa ba za ta iya ci gaba ba, ta sa laftof a jaka ta zuge. Tana dafa abinci, tana gaishe da Yaya da ladabi, tana yi masa sannu da zuwa. Amma gidan ya yi tsit. Ba ihu daga ƙaramin ɗaki, ba dariya. Auta ya samu abin da yake nema, sai ga shi ya kasa cin abinci.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Da aka cire ƙofa ai aikin ya tsaya. In na gaskiya ne me zai hana ta yi a gabanmu?"

Wannan ma ya zauna masa a rai. Haka zargi yake, in ta yi magana laifi, in ta yi shiru ma laifi.

Ranar baje kolin Amarya ta shirya tun da safe, ta tsaya a bakin falo.

"Yau ce ranar. Yaya, har da ke, don Allah."

Wani babban zaure ne cike da tebura, wayoyin lantarki sun bi ƙasa an danne su da salatif. Kowane tebur da laftof ɗaya ko biyu, da mai shi a tsaye a baya yana cizon yatsa. Samari da 'yan mata suna bin layi suna gwadawa. Auta ya zauna a wani tebur ya gwada gem ɗin wani kwaɗo mai raba saƙo, kwaɗon ya maƙale a bango ya ƙi motsi, mai shi ya yi ta ba da haƙuri. Ya gwada na wata mota mai tashi sama, ta faɗa rami tun kafin ya gane maɓallin birki. Amma hankalinsa ba a nan yake ba. Duk namijin da ya gifta sai ya dubi idon matarsa ya ga ko za ta bi shi da kallo.

Can ƙarshen zaure ta nuna masa wani tebur da haɓa, ta koma bayan mijinta ta tsaya. Mai teburin wani siriri ne mai gilashi, gashinsa ya fara furfura. Ya dube su su uku kamar yadda ya dubi kowa, ya miƙa wa Auta hedifon.

"Doka ɗaya ce, malam. Duk abin da ya zo maka a rai ka faɗe shi da ƙarfi. Ni kuma ba zan taimake ka ba."

Wani gida ne mai duhu a cikin wasan. Wani tsoho mai fitila yana gaba, kai kana bin sa, in ya yi nisa duhu ya rufe ka, wasu abubuwa su fara motsi a gefe. Auta ya fara da ɗaure fuska. Kafin a jima ya matso bakin kujera, gumi ya karyo masa.

"Kai, tsaya! Ina za ka? Kada ka tafi ka bar ni! Ka jira ni mana!"

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya waiwaya. Yaya ta dafe baki da gefen mayafinta.

Tsohon ya kai wata ƙofa, ya juyo ya ce, "Jira ni a nan." Ya shiga da fitilarsa ya rufe. Haske kaɗan ne yake fitowa ta ƙasan ƙofar. A gefe ga guduma a ƙasa tana ƙyalli. Abubuwan nan na cikin duhu suna matsowa.

"Me yake yi a ciki? Wannan tsohon munafuki ne!" in ji Auta. Ya ɗauki gudumar ya maka wa ƙofar. Ta faɗi, iska ta shiga, fitilar ta mutu. Sikirin ya yi baƙi.

Mai gilashi ya yi ajiyar zuciya. "Kada ka damu, kowa haka yake yi. Har mun so mu cire hanyar jiran gaba ɗaya, tunda ba mai bin ta. Wata mai gwajinmu ce ta hana. Ta ce ita ta san mutum ɗaya da zai jira, mijinta. Wai kafinta ne, in ta ce masa jira, zai jira ko bai san dalili ba. Ta yi ta maimaita mana har muka haddace! Saboda shi muka bar ta." Ya girgiza kai. "Sai kwatsam ta daina mana aiki, wai ɗakinta ba ƙofa."

"An kusa gyara ta," in ji Amarya a hankali.

Mai gilashi ya zabura. "Wannan muryar — ke ce? Ikon Allah! Ashe haka kike!" Sai ya dubi Auta, ya dubi baƙin sikirin, murnar ta gudu daga fuskarsa. Ya cire gilashinsa ya kama gogewa.

Da ƙasa za ta tsage da Auta ya shige. Ashe duk lokacin da yake shago yana saƙa mugun zato, ita tana bayan ƙofar nan tana yi wa baƙi alfahari da shi. Idonsa ya cika, bai damu da masu layi ba.

"Malam, don Allah a mayar mini da shi baya."

Ya sake bin tsohon har ƙofar. Da aka ce masa jira, sai ya ɗauke hannuwansa daga laftof ya ɗora a gwiwa. Abubuwan duhu suka matso har suna shafar sa. Wani yaro a layi ya ce, "Oga, ga guduma nan fa!" Bai motsa ba. Can ƙofar ta buɗe da kanta, tsohon ya miƙo hannu, haske ya cika ko'ina, sai rubutu ya fito cewa nan demo ya ƙare.

"To me ke cikin ɗakin?" in ji Yaya, da ƙaramar murya.

"Sai gem ya fito, Hajiya," in ji mai gilashi.

"Ni ba sai na sani ba," in ji Auta. Ya juyo ga matarsa. "Amarya, na cuce ki. Ƙofar nan ba ta taɓa gogar ƙasa ba. Ki yafe mini."

"Ai na sani, Maigida," ta ce tana kuka tana dariya. "Kai ka ƙera ta. Na yafe."

Yaya ce ta riƙe ƙofar da hannu biyu da yammar nan, shi yana ɗaure hinji. Da suka gama ta kamo hannun Amarya ta ce, "Ƙanwata, ciwon da wani ya ji mini na kawo gidanku. Ki yi haƙuri da ni."

Wanda duk yake zaune da wani, wata rana za a rufe masa ƙofa a ce ya jira. Yarda ita ce ka jira tun ba ka ga abin da ke ciki ba, don wadda ta riƙe wa baƙo alkawari ba za ta ci amanar mijinta ba. Amarya ta yi haƙuri ba ta karya alkawarinta ba, ta samu mijinta da aikinta gaba ɗaya.

Auta ya gwada sakatar, ta shiga sumul. Ya fito falo, ya jawo ƙofar da kansa.

"Sa sakata, Amarya," in ji shi. "Ina nan."