Saƙon Da Rilwanu Ya Riƙe

A bakin tafkin Liuhua, a birnin Guangzhou, suka fara haɗuwa, wata Juma'a da la'asar. Rilwanu ya fito daga kasuwa a gajiye, ya zauna kan benci yana kallon balbelu sun yi wa bishiyoyi fari fat. Da yake yana zaton babu mai jin Hausa a kusa, sai ya ce da ƙarfi, "Kai! Da a gida ne da tuni danƙo ya yi aiki."

"To, mun gode Allah da ba a gida ba ne," in ji wata murya a bayansa.

Ya waiwaya ya ga budurwa da hijabi ruwan toka, madubin hangen nesa rataye a wuyanta. Saudat ke nan, 'yar Nguru, mai karatun tsuntsayen ruwa a jami'a. Shi kuwa Bakano ne, jakunkunan mata yake sarowa daga kasuwar Shiling.

"Yanzu duk nisan nan kika yi don ki ƙirga balbela?"

"Kai ma ai jaka ka zo ƙirgawa. Gara ni, tawa tana da rai."

Tun daga ranar Rilwanu bai sake samun kansa ba. Mutumin da bai san bambancin zalɓe da agwagwa ba, sai ga shi kowace Lahadi cikin kwalekwale a fadamar Nansha, yana gyaɗa kai kamar masani. Yana kiranta Balbelata, ita kuma tana ce masa Laoban, yadda 'yan kasuwar garin ke kiran maigida.

A cikin kwalekwalen ta faɗa masa burinta. Akwai wani gandun tsuntsaye kusa da wani ƙauye a Ingila, tafkuna ne da kududdufai, da 'yan rumfunan katako inda mutum zai zauna shiru ya yi kallo. Ta nemi horon shekara guda a can, ta ba da adireshin gidansu na Nguru. Ba ita kaɗai ta nema ba. Har da Tankari, ɗan ajinsu daga Nijar, wanda ya san sunan kowane tsuntsu, kuma ba ya ɓoye cewa yana sonta. Rilwanu ya ce Allah ya ba da sa'a, amma fatar baki ce kawai.

Da wasannin Olamfik suka matso, sabunta biza ya yi wuya, dole ya koma gida. Ya je har Nguru ya gaida mahaifinta, Malam Maidaji. Al'ada ce, ɗan kasuwa ba ya komawa Guangzhou hannu rabbana, sai da saƙon 'yan makaranta. Dattijon ya haɗa masa kuka da busasshen kifi, sannan ya miƙo wani ambulan.

"Wannan takardar Turawa ce, ban san me ta ƙunsa ba. Ka ba ta hannu da hannu, ɗana."

Rilwanu yana ganin hoton tsuntsu a kusurwar ambulan ya gane. Bai buɗe ba. Amma tun a jirgi zuciyarsa ke nuna masa Saudat da Tankari a rumfar katako ɗaya, shekara guda cur. Da ya sauka ya kai mata kuka da kifi. Ambulan kuwa ya cusa shi cikin aljihun wata jakar samfuri, ya ja zif.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Laoban ɗina, kifin ya kai ni har gida. Baba bai ba ka wata takarda ba?"

Ya rubuta mata: "Meiyo, Balbelata." Kalmar da masu shago ke cewa babu ke nan. Ko a waya ya kasa yi mata ƙaryar da Hausa.

Daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. In ya tsaya sallah, jakar ce ke faɗo masa. Kullum sai ya ce gobe zai kai mata, goben kuma ta ƙi zuwa. Tankari ya samu tasa takardar, ya amsa, ya fara haɗa kaya.

Wata Lahadi a Nansha, furannin bado sun rufe ruwa, amma Saudat ko littafinta ba ta buɗe ba. Ta cire madubin daga wuyanta ta ɗora masa a cinya.

"Ka sayar mini da shi. Ko amsa ba su ba ni ba, Rilwanu. Ashe dai ban kai ba, ni ce nake ruɗin kaina."

Nan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ma da jakar ya zo, don kwanakin nan ba ya iya rabuwa da ita. Ya zuge zif ɗin, ya miƙa mata ambulan.

Ta karanta sau biyu. Sun ɗauke ta. Wa'adin ba da amsa ya wuce da kwana huɗu.

"Tsoro na ji kada ki tafi," ya ce. "Ba ni da wata hujja. Na ci amanarki, na ci ta Baba."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kana kallona ina zargin kaina, ka yi shiru."

Labari ya kai Nguru. Malam Maidaji ya ce, "Wanda ya kasa riƙe takarda, ta yaya zan ba shi 'ya?" A Guangzhou ma aka daina ba shi saƙo, ko na daddawa.

Rilwanu ya haɗiye girman kansa ya tafi wurin Tankari. Ya roƙe shi ya gyara masa Turancin wata wasiƙa, ya kuma kai ta hannun masu gandun. A ciki ya rubuta cewa laifin nasa ne shi kaɗai, ya roƙi a sake ba Saudat dama, ya sa cikakken sunansa. Tankari ya karanta, ya dube shi.

"Wallahi na so in tsane ka," ya ce. "Kawo, zan kai."

Wata biyar Saudat ba ta amsa saƙonsa ba. Duk Lahadi yana zuwa Liuhua shi kaɗai ya turo mata lissafi: "Yau balbela sittin da uku, zalɓe biyu. Ki yafe mini." A wata na shida amsa ta zo: "Zalɓen uku ne. Ɗaya yana bayan gada." Ashe ita ma tana bakin tafkin.

Da ya sake komawa gida ya tafi Nguru tare da kawunsa, ya durƙusa. Malam Maidaji bai ce uffan kan aure ba. Wani sabon ambulan ya miƙo masa, mai hoton tsuntsu, an buɗe an sake liƙewa.

"Ka san hanya."

Rilwanu bai sa shi a jaka ba. A aljihun ƙirjinsa ya yi tafiyar, daga filin jirgi kuma bai biya masauki ba sai ƙofar makarantarsu. Saudat ta buɗe a gabansa. An ba ta gurbi a shekara mai zuwa. A bayan takardar akwai layi ɗaya da ajami, rubutun mahaifinta: "In wannan ta iso hannunki a rufe, na ba shi aurenki."

Ta ɗago ido cike da hawaye. "Ka san fa tafiya zan yi, Laoban?"

"Ni zan kai ki jirgi, Balbelata."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a Nguru, iskar fadama na kaɗa rumfa. Malam Maidaji ya kama hannun ango ya ce, "Wannan ma saƙo ne, ɗana. Ka riƙe ta da amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Jama'a suka amsa da amin. Rilwanu ya so ya amsa tare da su, kuka ya hana shi.