Sandar Jan Ƙarfe a Bayan Sabon Kicin

Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sa'ad da wani direba ya dawo daga aiki ya wuce kai tsaye zuwa sabon kicin ɗin da ya ƙara a bayan gidansa. An gama gini, an yi rufi, an ja famfo, wayarin, wato jan wayoyin lantarki, kaɗai ya rage. Wannan aikin kuwa ya ɗaura niyyar yi da hannunsa, duk da cewa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya mai gyaran wuta ne. Ya ce ya kalli yadda ake yi a wayarsa, kuma mutumin da ke gyara fitilun motarsa ɗaki ɗaya ba zai gagare shi ba. Ƙanen ya ce, "Yaya, wutar mota tsunkuli take yi, ta gida ba ta tsunkuli." Tun daga ranar gaisuwarsu ta yi sanyi.

Da alli ya zana shirinsa a jikin bango: ga soket na firji, ga makunni a bakin ƙofa, ga layin da bututun waya zai bi, ga kuma soket na butar lantarki dab da famfo. Abu ɗaya kawai ya riga ya aiwatar. Ya ɗauki sandar jan ƙarfe, wadda ake kafawa domin duk wutar da ta kauce hanya ta bi ta nutse a ƙasa, ya buga ta da guduma a bayan bango, a gindin wani tsohon kututture da magina suka kasa tumɓukewa.

A yammacin nan ya tarar an goge zanen da ke kusa da famfo, an sake zana shi can nesa, wajen taga. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Gidan ya yi tsit, kaji sun shige akurki. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali har ƙasa. Ya leƙa bayan katanga, babu kowa. Yana juyowa wani ya sake faɗowa.

Haka abin ya ci gaba. Da safe zai mayar da zanen inda yake, da yamma ya tarar ya ƙaura. Da zarar duhu ya fara sauka jifa za ta soma, kuma daga cikin bututun roba da ya jingina a kusurwa wata murya takan fito, kamar ta tsohuwa mai mita. Ya zargi maƙwabcin da ginin ya tare wa iska. Ya zargi maginin da suka rabu ba da daɗi ba. Amma zuciyarsa kullum wuri ɗaya take komawa: wa ya san inda soket ya kamata ya zauna, wa kuma aka hana aiki?

Ranar da ƙanen ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa ya tare shi.

"Abin da ka aiko min ya iso," in ji direban. "Ka je ka ce wa bokanka ya janye."

"Yaya, ni? Ni da muka sha nono ɗaya?"

"Kada ka ƙara taka min gida."

Matar gidan tana jin su daga ɗaki. Ta leƙo, ta koma ciki.

Bayan wannan ne abin ya sauka a kan Auta, 'yarsu da ta fara tasawa, wadda wanke-wanken gidan ke hannunta. Ta daina cin abinci. Takan dafe tsakiyar kanta ta ce ƙarfe ake buga mata. Wata rana dab da magariba aka same ta zaune a ƙasan sabon kicin, bayanta ya ranƙwafa kamar na mai shekaru, tana kallon mahaifinta da idon da bai san shi ba.

Aka kira wani malami mai ruƙiyya, dattijo mai ƙarancin magana. Ya zagaya ginin, ya tsaya a kan kututturen ya dube shi, sannan ya shiga ya zauna a gaban yarinyar ya fara karatu. Karatun ya yi nisa kafin jikinta ya ɗauki rawa. Da ta buɗe baki, muryar cikin bututun nan ce ta fito.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me kuma yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Mai gudumar can ne. Tun kututturen yana itace nake zaune a ƙarƙashinsa. Sun sare, na yi shiru. Sun yi gini, na yi shiru. Sai ga ƙarfe ya huda min rufi, babu sallama, ya tsaya a kan shimfiɗar jikana. Na kuma ji shi da bakinsa yana cewa duk wutar da ta kauce nan za ta sauka. Gidana ne jujin wutarsa?"

Ta ce sai a rushe kicin. Malam ya ce ƙasar Allah ce, ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara ta ce to, kada a sa wuta a ɗakin. Malam bai ɗaga kai ba. Daga ƙarshe ta ce a cire ƙarfen a kai shi ɗaya gefen, a bar mata kututturenta, ita kuma ta saki yarinya har abada. Malam ya amince, ya sa ta rantse.

Direban, wanda gumi ya jiƙe masa riga, ya kasa haƙuri. "Malam, a tambaye ta wa ya turo ta. Ƙanena ne ko?"

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ta sa kowa ya ja da baya. "Wa ya isa ya aike ni? Jifa tawa ce, murya tawa ce. Allin kuwa ba nawa ba ne. Ina ruwana da soket? Ka tambayi mai girki."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin mahaifiyarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Malam ya ce ba a cika gaskata maganar aljanu ba, domin maƙaryata ne. Amma idon direban yana kan matarsa, ita kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni ce, Baban Auta," ta ce. "Ka zana soket a inda ruwa ke fantsama, inda yarinyar nan ke tsayawa da jiƙaƙƙen hannu. Na yi maka magana, ka ce in bar maka aikin maza. Da jifa ta fara kuma, tsoro ya kama ni, na ga idan na faɗa za ka ce ni na jawo."

Direban ya miƙe. Ya fita shi da Malam, suka yi bismillah, ya girgiza sandar har ta fito. A daren nan ko tsakuwa ba ta taɓa rufin ba.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar shagon ƙanensa, sandar a hannu. Ƙanen ya dubi ƙarfen, ya ja kujerarsa baya.

"Yaya, duka kuma ya rage?"

"Taso ka nuna min inda ake kafa wannan," in ji direban, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka taho da alli. Amma ba ni za ka miƙa wa ba, Maman Auta za ka ba."