Soson da Ba a Wankewa Fes

Ranar da kifi na uku ya mutu, ranar ce Auta ta haɗu da mijinta.

Kifayen na mahaifiyarta ne. Shekara goma sha ɗaya marigayiyar ta yi tana kiwonsu a tankin gilashi, tsakanin tagar falo da kantar littattafan mijinta. Sikilid ake ce musu, dangin karfasa ne, sai dai su masu launin shuɗi da rawaya ne, ga baƙin hali. Tara ta bari. Wata takwas bayan rasuwarta saura shida, har da babban shuɗin da take kira Farfesa, saboda yana zama bayan dutse yana hararar kowa, kamar wani da ta sani.

Auta ta shiga shagon kifin da ke bayan kantin magani da hoton tankin a wayarta. Saurayin da ke ciki hannunsa na cikin ruwa har gwiwa. Ya duba hoton, ya dube ta, ya sake duba hoton, wannan karon don kunya.

"Ruwan nan barci yake yi," in ji shi. "Lita nawa ne tankin?"

"Ɗari biyu."

"Injin tacewar fa?"

"Yana nan. Baba na kashe shi idan zai yi karatu. Wai ƙugin na damunsa."

"Awa nawa yake karatun?"

"Tun da ya yi ritaya bai tsaya ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, karon farko cikin wata takwas. Ya ce kifayen nan ci gare su, ɓata ruwa gare su. Suna son inji mai juya ruwan tankin kaf sau takwas a awa, a kuma ɗaga bakinsa sama yadda fuskar ruwan za ta riƙa rawa, don ta nan iska ke shiga. Ta rubuta komai. Ya ƙara mata da lambar wayarsa, wai ko da tambaya.

Tambayoyi kuwa suka yi yawa.

"Injiniya, Farfesa ya ci abinci yau," ta rubuta masa, kwana uku bayan ya zo ya haɗa sabon injin.

"Alhamdu lillahi. Uwar ɗakinsa fa, ta ci?"

"Wannan ba ya cikin aikinka."

"Ina neman ƙarin aiki ne, Shuɗiyata."

Baba bai so saurayin ba. Tsohon malamin tarihi ne, ya karanta faɗuwar dauloli da yawa, bai ga dalilin da zai ba mai sayar da soson tace ruwan kifi 'yarsa ba. Yana da nasa ɗan takarar: likitan haƙori, ɗan abokinsa, wanda ke zuwa da turare da littattafan da Baba ya riga ya karanta sau biyu.

"Mutumin da ke wuni da hannu cikin kashin kifi," in ji Baba.

"Naka ɗin ma a bakin mutane yake wuni," in ji Goggo, yayarsa, wadda ba ta taɓa jin tsoron littafi ba.

Mako uku ruwan ya yi garau. Sai wata safiya aka tashi ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Ɗaya daga cikin masu rawaya ya kife. Farfesa ya bar dutsensa ya hau sama, yana buɗe baki yana rufewa.

Baba ya tsaya gaban tankin da tabarau a hannu. "Ga aikin gwaninki nan. Kar ya sake taka mini ƙofa."

Auta ta shige ɗaki. "Ka ce in yarda da kai," ta rubuta. "Abin da ya rage mana na Mama ke nan."

Amsa ta zo nan take. "Ki yi fushi da ni daga baya, ina nan. Yanzu ki canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ki sa maganin gyara ruwan famfo da na bar miki kafin ki zuba sabo. Kar ki ba su abinci. Sannan ki faɗa mini: wa ya taɓa soson cikin injin?"

Ta buɗe injin. Soson fari fat, yana ƙanshin sabulu.

Bayan awa ɗaya Injiniya ya tsaya a ƙofar da aka hana shi takawa, riƙe da leda cike da ruwa. A ciki akwai wani tsohon soso, baƙi ƙirin, abin ƙyama. Goggo ce ta buɗe masa.

"Ranka ya daɗe, ina kwana," ya ce, ya durƙusa. "Ba don ni ba. Don kifin."

"Me ke cikin ledar?"

"Soson tankina ne, shekara biyu yana aiki. Dattin nan da ake gani, wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki, su ke cinye gubar da kifi ke fitarwa. Ruwan famfo na kashe su. Sabulu kuma ya kashe har da jikokinsu. In soso ya toshe, sai a ɗebi ruwan tankin a bokiti, a matsa shi sau biyu ko uku, a mayar da shi da sauran dattinsa."

 Baba ne jiya ya wanke soson, kamar yadda ya wanke na tsohon injin kowane mako tun ranar da aikin ya dawo hannunsa, da sabulu da buroshi, yana jin cewa yanzu ne ake yi wa kifayen nan adalci.

Ya tuna shuɗin bokitin marigayiyar. Ya tuna matarsa a durƙushe a nan, tana matsa soso cikin ruwa mai dauɗa, ta mayar da shi haka nan. Shekara goma sha ɗaya yana leƙowa ta saman littafi yana cewa, "Ke dai ba ki iya wanki ba." Ita kuma ta ce, "To, Farfesa," ta ci gaba da abinta.

"Sa shi," in ji Baba.

Kwana huɗu saurayin na zuwa yana gwada ruwa. Ya gyara duwatsu don kar datti ya sami lungun kwanciya. A rana ta biyar Farfesa ya koma bayan dutsensa, ya kori wani ƙarami da ya matso, ya harari falon gaba ɗaya. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kuka iya son ranta.

"Shuɗiyata, ya warke fa."

"Na sani. Shi ya sa."

Baba ya rufe littafinsa. "Kai, mai soso. Kana da manya?"

"Ina da su, ranka ya daɗe."

"Ka turo su, kafin in sake karanta wani abu in canza ra'ayi."

Likitan haƙorin ya ɗauki ƙaddara da fara'a, haƙoransa ma masu kyau ne. Aka ɗaura aure bayan wata biyu. Goggo ta sa albarka har muryarta ta dushe. Baba ya riƙe hannun 'yarsa, ya dubi angon ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. In ta yi abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka gyara." Angon ya ce amin, yana tsammanin da shi kaɗai ake.

Auta ta so ta tafi da tankin, Baba ya ce a bar masa. Yanzu injin ba ya mutuwa, dare da rana, kuma ya gano ana iya karatu da ƙugi. Duk wata yakan ɗauko shuɗin bokitin, ya durƙusa inda matarsa take durƙusawa, ya matsa soson sau uku, ya mayar da shi da dattinsa. Wani lokaci yakan ɗago ya dubi kujerarta da ke kusa da taga, da maganar a bakinsa, wadda ya makara bai faɗa mata tana da rai ba.

Ashe kin iya wanki.