Kobon Tela Ƙasimu

Kwana uku da rasuwar Tela Ƙasimu, da hantsi, 'yarsa Ƙaltume ta buɗe gwangwanin da ke ɗakin baƙi a gidansu na unguwar Bani Harisa, a Madina. Ta zaro igiyar kobo masu huji da ya taho da su daga Kano a ƙafa. Sha biyu suke kamar kullum, amma na tsakiya ba shi ba ne.

Kowa a unguwar ya san labarin kobon nan. Shekarar da ke jikinsa 1956, sunan da ke ɗaya gefen kuwa na sarkin Ingila ne da ya mutu shekara huɗu kafin nan. Masu buga kuɗin ne suka yi kuskure, suka haɗa tsohon hatimi da sabo. Wanda aka saka a madadinsa shi ma na 1956 ne, sai dai sunan sarauniya ke jikinsa, kobo gama-gari na sayen ƙosai.

Kafin azahar Abdussamad ɗan canji, mai teburi a kasuwa, ya yanke hukunci daga zaure.

"Wa ke share ɗakin? Zinariya. A kira shurɗa, 'yan sanda su tafi da ita, halas."

Zinariya tsohuwa ce mai aikatau, ba ta da takardar zama. Ranar da ɗan sanda ya tambayi sunanta, ranar za ta bar Madina, inda ta zo don ta mutu.

Ƙaltume ta daɗe da tsanar muryar nan. Tana 'yar shekara goma, daga bayan labule, ta ga Abdussamad ya goga kobon da magagari a gaban jama'a, ya ce jabu ne, ya jefa wa babanta a cinya. Shekara goma sha biyar ana kiran tsohon Mai Jabu. Amma tsana ba hujja ba ce, don haka ta fara da wadda ake zargi.

Ta zube kobon a faifai. "Inna, wanne ne na sarkin?"

Zinariya ta jujjuya su tana hawaye. "'Yar nan, duk huji ɗaya nake gani."

Zoben azurfar marigayi yana nan cikin gwangwanin. Wanda bai iya boko ba zoben zai ɗauka, ba zai tsaya neman shekara ba.

Sai Lurwanu, ɗalibi daga Nijeriya. Shi ne ya nuna wa marigayi littafin masu tara tsoffin kuɗi, inda aka ce irin wannan kuskuren nemansa ake ruwa a jallo. Ta yi masa magana ta bayan ƙofa.

"Ustaz, wa ka faɗa wa abin da ke littafin?"

"Abdussamad kaɗai, Hajiya. Na so ya janye maganarsa tun Baba na da rai."

"Ya janye?"

"Dariya ya yi. Amma ya riƙe littafin kwana biyu."

"Ina ka zauna ranakun ta'aziyya?"

"A waje kan tabarma, ina zuba gahawa. Dattawa ne a ciki."

Ƙaltume ta fita tsakar gida da baƙon kobon, ta duba shi a rana. Hujin sauran ya siɗe, igiya ta ci shi shekara da shekaru. Na wannan kaifi gare shi. A gefensa kuma ga wata 'yar tsaga mai layi biyu. Ta daɗe tana kallonta, har ta ji zuciyarta ta yi sanyi, irin sanyin da ba na yafiya ba.

Washegari ta aiki Lurwanu teburin Abdussamad ya sayo tsoffin kuɗi uku, ko waɗanne iri. Ta kuma roƙi umda, mai unguwarsu, ya zo bayan la'asar, lokacin da ɗakin ke cika.

Daga bayan labulen nan dai ta yi magana, ta kira ɗan canjin da Ammi, wato baffa.

"Ammi Abdussamad, me ya sa kake goga kowane ƙarfe da ya zo hannunka?"

"Sana'a ce, ya binti. Ba na yarda da kuɗi sai na ga cikinsa."

"Magagarinka haƙorinsa ɗaya ya karye. Layi biyu yake bari."

Lurwanu ya ajiye ukun a gaban umda, ya ajiye baƙon kobon kusa da su. Umda ya sa tabarau. Tsaga huɗu, kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Mutane da yawa na saye a wurina," in ji Abdussamad.

"Haka ne. Amma ɓarawon ya san shekarar, ya san sunan, ya zauna a ɗakin nan. Zinariya ba ta karatu, Lurwanu bai shigo ba. A buɗe akwatinka. In an sami kobon sarkin babu tsaga, naka ne, ni zan nemi gafararka. Na Baba yana da layi biyu. Kai ka yi masa su, mutum biyar a nan sun gani."

Ba a kai ga akwati ba. Umda ya miƙa hannu kawai, har gumi ya jiƙa wuyan rigar ɗan canji. Daga aljihun gaba Abdussamad ya fito da kobon sarkin, a naɗe cikin auduga. Wani mai tara irinsu daga Jidda ya yi alkawarin zuwa ya saya ranar Asabar.

"A rufa asiri," in ji umda, "gidan makoki ne."

"Na yarda, ba shurɗa. Ya nemi gafarar Inna Zinariya da sunanta. Sannan ina da tambaya ɗaya." Ƙaltume ta mayar da magana kan Abdussamad. "Ammi, kobon nan jabu ne?"

Ya dubi tabarma. "Na gaske ne."

"Ɗaga murya. Ranar da ka ce jabu ne, har masu wucewa a titi sun ji."

Ya ɗaga. Ta sa ya maimaita sau uku, da sunan Ƙasimu a ciki. Sannan ta miƙo igiyar ta ƙarƙashin labule, ta ce ya mayar da shi tsakiya da hannunsa.